Wanki da Shafa a Warshar Sulay

Jiya da la'asar ina zaune a bakin gareji na ji ɗayanku yana cewa aikin garanti ai ba aiki ba ne, ka cire tsoho ka sa sabo, ka je ka sha shayinka. Sauran kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro, amma maganar ta hana ni sakat. Ni da na ƙarar da ƙarfin ƙuruciyata kwance a ƙarƙashin karafan a Riyad, yau ni ake gaya wa cire-ka-sa. Tunda ba ku da haƙurin sauraron tsoho, ga shi na rubuta muku. Wanda ya ga ya yi masa tsawo ya ninke ya yi fifita da shi.

Karafan, ga wanda bai taɓa gani ba, ɗaki ne a kan taya, ana ɗaura shi a bayan mota ta ja. Jikinsa alminiyom ne siriri, cikinsa katako, da gado, da murhun gas, da ɗan firji, da na'urar sanyi a kan rufi wadda a can ake ce wa mukayyif. A ƙasar sanyi da ruwan sama aka ƙera shi, aka kawo shi inda rana ba ta san wasa ba. Kamfanin da ya ƙera ya yi alkawari cewa in abu ya lalace cikin wa'adi, kuma laifin ƙira ne, shi zai gyara kyauta. Larabawa na ce wa wannan alkawari daman. Warsharmu, wato garejinmu da ke unguwar Sulay tsakanin ɗakunan ajiyar kaya da gidajen leburori, ita ce wakiliyar kamfanin. Mu ne masu faɗin ko laifin ƙira ne ko laifin hannu. Sana'ar duk a nan take, sauran ɗaure noti ne.

Karafan na farko da na shiga ƙarƙashinsa birkinsa ne ke riƙewa. Lokacin ban daɗe da sauka ba. Wani injiniya ɗan garinmu ne ya yi mini hanya, bayan na yi shekaru ina koyon aiki a Panteka ta Kaduna, inda ba a yarda wani abu ya mutu ba. A Panteka in ƙarfe ya karye a yi masa walda, in ya sake karyewa a ƙera masa ɗan'uwa. Da wannan hannun na iso Riyad. Ina leƙawa na ga matsalar, wani ɗan ƙarfe ne ya lanƙwashe, a taɓa shi da guduma ya miƙe. Na ɗaga gudumar ke nan sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu. Usta Bashir ne, usta wato gwanin makanike, Basudanen da aka ce in bi, dogon mutum wanda ko gobara ake yi sai ya gama kurɓar shayinsa. Ya nuna mini ɗigon jan fenti a kan notin.

"Ya Saleh, ka ga wannan? Idon kamfani ne. Ka fasa shi ba izini, daman ya tafi."

"To in bar abin a lanƙwashe?"

"Ka cire shi yadda yake, ka ɗaura masa takarda, ka ajiye. Su ma suna so su ga yadda ya lanƙwashe."

Na yi watanni ina jin kamar an ɗaure mini hannu ta baya. Ga abu ka san gyaransa, ga guduma a gefenka, amma sai ka jira wani ƙarfe ya taso daga Turai a jirgin ruwa. Ba na iya zama. Sai in yi ta zagaya warsha ina share inda aka riga aka share, Usta Bashir yana kallona yana cewa ƙudan zuma aka kawo masa daga Nijeriya. Amma a wurinsa na koyi cewa kafin ka taɓa abu sai ka karanta shi. Yadda roba ta tsage, inda tsatsa ta fara, gefen da taya ta fi cinyewa, kowanne yana gaya maka wanda ya yi laifi.

Sabis ɗin shekara shi ne gishirin daman, in ba a kawo karafan an yi masa ba, alkawari ya warware. Za ka ɗaga shi a jak, ka kwance taya, ka wanke boris da kananzir, don rairayin hamada in ya haɗu da giris ya fi takardar goge katako ci. Ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar tiyon gas ka zuba ido ko kumfa za ta taso. Ka hau rufi da bindigar gam tun da sassafe, domin da hantsi ya yi alminiyom ɗin nan sai ya toya maka gwiwa ta cikin wando. Rana ce babbar abokiyar gabarmu. Tana busar da gam, tana tsuke robar ƙofa da ta taga, sai ƙura ta sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kayan aiki ɗaya ne muke yi wa dariya, wani ɗan akwati mai allura biyu. Ka soka allurar a katako, in akwai danshi sai wani ɗan tsinke ya motsa. Ma'aunin danshi a Riyad! Muka ce waɗannan mutane sun ɗauka ko'ina garinsu ne. Baturen kamfani da ke zuwa duba aikinmu lokaci-lokaci ba ya rabuwa da irinsa a aljihu, har muka sa masa suna Mai Allura. Ya daɗe a ƙasashen Larabawa, Larabcinsa ya fi nawa tsabta, kuma ban taɓa ganin ya zalunci kowa ba. Abu ɗaya ne, in ya yi tambaya sai ya ji amsa.

Masu kaya kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Hutun mako a can a lokacin Alhamis da Juma'a ne, kowa na son fita barr, wato jeji, ya kafa zango da iyalinsa. Sai Laraba da la'asar mutum zai jawo maka karafan ya ce gobe da safe yake so. Ka ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, da wane Larabci? Sai dai ka ce in sha Allah. Wani ya taɓa kawo mana mukayyif da wani mai gyaran gefen titi ya buɗe ya ɗaure da wayar lantarki, gyaran gangar Auzinawa, ya rantse mana daga kamfani haka ya zo. Likitocinmu 'yan gida da ke zaune a unguwar Malaz su ma suna zuwa, su shiga su fita, su kwanta a gadon su gwada, su tambayi komai da komai, a ƙarshe su ce sai sun yi shawara da madam. Ban taɓa ganin wanda ya saya ba. Amma ina murna da zuwansu, don a bakinsu nake jin labarin gida.

Sai shekarar da farashin mai ya faɗi. Ku da ba ku gani ba ba za ku gane ba. Gine-gine suka tsaya da ƙarafansu a tsaye. Kamfanonin kwangila suka riƙa dawo da karafan ɗin da ma'aikatansu ke kwana a ciki, filin bayan warsha ya cika har ba wurin juya mota. Kowace safiya sai an kira wani zuwa ofis, ya fito da fuska a sanyaye, a ce an buga masa huruj, hatimin fita ba dawowa. Usta Bashir ma a shekarar ya tafi. Mu da muka rage ba mai iya zama wuri ɗaya, in mudir, wato manajanmu, ya leƙo ta taga sai kowa ya rarumi sifana ko ba shi da abin ɗaurewa. Kamfani kuma ya ɗaure bakin jaka. Da, in na ce laifin ƙira ne an gama. Yanzu duk babban gyara sai Mai Allura ya zo ya gani da idonsa.

A cikin wannan hali aka jawo mana wani karafan mai ratsin kore. Mai shi ɗan kwangila ne, ana ce masa Abu Nasir, kuma yana so ya sayar, har ya sami mai saye. Da mai sayen ya shiga dubawa, ƙafarsa ta lotsa kusa da ƙofa. Daman bai ƙare ba, sabis ma bai taɓa tsallakewa ba, don haka Abu Nasir ya zo da ƙarfinsa. Ya bar karafan ɗin da wani dattijo da ya sauko daga bayan mota, ya ce mai gadinsa ne, shi ya san komai na ciki.

Dattijon na jin na yi wa wani magana da Hausa sai ya tsaya cak.

"Ɗana, daga ina?"

"Zariya, Baba."

"Allahu akbar. Ni daga ƙasar Haɗeja. Habu sunana."

Muka gaisa kamar mun shekara goma da sanin juna. Malam Habu ƙaramin mutum ne, farin gemu, rigarsa ta tsufa amma fes. Abu Nasir ne kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki kuma iƙamarsa, takardar zamansa, ke hannunsa. Yana gadin wata gonar dabino a wajen gari inda ake ajiye karafan ɗin. Larabcin titi bai zauna masa ba, don kwanaki sukan wuce bai yi magana da kowa ba sai raƙuma. Abin da ya kawo shi ƙasar ba albashi ba ne. Hajji ya zo nema. Shekaru suna ta wucewa, duk lokacin aikin Hajji maigidan ne ke tafiya da iyalinsa, shi ya tsare gona. Bana aka yi masa alkawari.

"Bana da yardar Allah zan tsaya a Arfa," ya ce. "Maigida ya ce da bakinsa, a gaban mahaifinsa."

Da na ɗaga dardumar na yaye ledar ƙasa, sai warin ruɓaɓɓen katako ya buge ni. Na ɗauko akwatin da muke yi wa dariya na soka, tsinken ya tafi har ƙarshe. Falankin ya yi laushi, yatsa ma shiga yake. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na bi sawu. Rufi a bushe. Taga a bushe. Tiyon famfo ba ɗigo. Robar ƙofa kam ta tsuke, ta bar kafa, kuma wannan sanannen aibi ne da kamfani ya sha biya. An kuma yi ruwan sama mai ƙarfi a bazarar da ta wuce. Zuciyata ta fara sanyi, na ce ga ƙofar da za mu bi. Amma ruɓar ba daga ƙofa ta shigo ba. Daga tsakar ɗaki ta taso ta gangara zuwa ƙofa. A gefen ledar, inda ta haɗu da bango, ga wani farin abu ya bushe. Na lasa, garin sabulu ne. Na leƙa ƙarƙashin gado sai ga tsintsiyar kaba irin ta gida, ta cinye har gindi.

"Baba, yaya kake share ɗakin nan?"

Fuskarsa ta washe. "Share? Ai ba shara ba ce, ɗana. In sun dawo daga jeji, ka san yara ƙanana, nan fitsari can fitsari. Mahaifin maigida kuwa tsoho ne, a ciki yake salla a zaune. Zan bar dattijo ya yi salla a kan najasa? Darduma nake fitarwa, in kwarara ruwa bokiti-bokiti, in sa sabulu in dirje, in koro shi ta ƙofa. Ko ba su je ko'ina ba, duk Alhamis sai na yi."

Haka uwata take wanke ɗakinta na siminti, haka taku ma. Ba wanda ya taɓa gaya wa bawan Allahn nan cewa a ƙarƙashin ledar katako ne. Mu ma da muke sabis ba mu taɓa ɗaga darduma ba, don wa ke neman danshi a hamada? Tausayinsa ya kama ni har na rasa ta inda zan fara. Na so in gaya masa ƙarara, sai na ga yadda yake murmushi, na kasa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baba, in Bature ya zo ya tambaye ka, ka taƙaita. Ni zan yi maka tafinta." Ya ce to.

Ranar da Mai Allura ya zo, Abu Nasir ma ya zo, da mudir, da ma'aikatan da suka sami dalilin tsayawa kusa. Baturen ya durƙusa ya soka allura nan da can, ya ja robar ƙofa ya ga ta tsuke, ya gyaɗa kai. Ya ce roba tasu ce, ba musu. Sai ya tsaya yana kallon tsakar ɗakin.

"Ana zuba ruwa a ciki?" ya tambayi Abu Nasir.

Abu Nasir ya taso masa. Mutum ne da a shekarun baya in karafan ya ɓata masa rai sai ya kyautar ya sayi wani, amma bana wuya ta kai masa. Ya ce shi ba a yi masa haka, kamfani ne ke neman hanyar gudu. Ya ɗaga yatsa sama, a gaban kowa.

"Wallahil azim, in daga mutumina ne, ba zai ƙara wata a wurina ba. In daga gare ku ne, ku gyara!"

Baturen ya juyo ga Malam Habu ya ce in tambaye shi yadda yake tsabtace ɗakin. Na tambaya. Dattijo ya manta da taƙaitawa, ya zayyano komai, har yana nuna yadda yake riƙe tsintsiya. Da Hausa ne, ba wanda ya ji sai ni.

"Esh yigul?" in ji Abu Nasir. Me yake cewa?

Na ce da Larabci, "Ya ce yana fitar da darduma, yamsah." Wato yana shafewa, yana gogewa da tsumma. Na zaɓi kalmar da za ta bar maganar a kan robar ƙofa.

Na manta da abu ɗaya. Malam Habu bai iya tambayar kuɗin burodi da Larabci ba, amma ya yi karatun zaure. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a ƙasarmu, kalmomin da ya fara rarrabewa su ne gaslu da mashu, wanki da shafa. Fuska wanke ta ake yi, kai shafa shi ake yi, wanda ya musanya alwalarsa ba ta yi ba. A cikin dukan Larabcin da aka yi ta yi a kansa ranar, wannan kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa. Kuma a ganinsa na rage masa aiki a gaban maigidansa.

"La!" ya ce, yana dafa ƙirji. "La mashu. Gaslu! Gaslu bil-ma'i!" Ya kama bokitin da babu shi ya kwarara a ƙasa, don kowa ya gane.

Warsha ta yi tsit. Mai Allura ya kalle ni, ya mayar da akwatinsa aljihu. Ya gaya wa Abu Nasir a hankali cewa robar ƙofa za su canza kyauta, amma ƙasan ɗaki ba ya cikin daman. Abu Nasir bai yi ihu ba. Ya gyara mayafin kansa, ya shiga mota ya tafi, ya bar dattijon a tsaye.

"Ɗana, me ya faru? Na ga kowa ya yi shiru."

Na ja shi inuwa na gaya masa duka, har da rantsuwar. Ina ta kai da kawowa a gabansa, raina a ɓace, ban san ko da shi nake fushi ko da kaina ba.

"Baba, ai na ce maka ka taƙaita! Kalma ɗaya ce fa, da ka bar ta ta wuce!"

"Da ka gaya mini ƙarara, da na gane," ya ce. Sannan ya ƙara, "To amma ko na gane, me zan ce? Wankewa na yi."

Daman ya faɗi, kuma abin da ya faɗi ba mai tsaronsa. Jan fenti ba ya hana ni yanzu. Na je wurin mudir na roƙi kusurwar fili da ranakun Juma'a bayan an sauko masallaci, da falankin wani karafan da aka yasar ba mai nema. Ya ce shi bai gani ba bai ji ba. Tunanina shi ne in Abu Nasir ya ga ƙasan ɗakin ya dawo garau, mai saye bai gudu ba, wataƙila ya sauko. Rantsuwa ai tana da kaffara.

Aikin ba na wasa ba ne. Sai ka kwance gado da akwatin murhu ka fitar, ka zana iyakar ruɓa, ka ƙara taƙi ɗaya cikin lafiyayyen katako kafin ka sa zarto, don ruɓa tana tafiya ta ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Ka kiyayi tiyon gas da wayoyin da ke bi ta ƙasa. Sandunan da falankin ke zaune a kai biyu sun tafi, na sassaƙa wasu na haɗa su haƙori da haƙori, na shafe da kwalta. Malam Habu na riƙe mini katako yana miƙo kusa, bakinsa na motsi da tasbihi. A makonnin nan a ɗakina yake kwana, don an kai wani gonar. Ba ya cin abinci sosai. Duk safiya sai ya tambaye ni ko maigida ya aiko, in ce bai aiko ba tukuna.

Da na shimfiɗa sabuwar leda na kira Abu Nasir. Ya shiga ya taka da dunduniya, ya yi tsalle a inda ya lotsa da, ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa.

"Ma sha Allah, ya Usta. Ya fi na kamfani."

Na ga ƙofa ta buɗe, na shiga. Na ce ya dubi Allah ya dubi furfurar nan, watanni kaɗan ne suka rage a hau Arfa, ya bar shi ya yi aikin Hajji sannan ya sallame shi. Na ce masa tsarki dattijon ya nema wa mahaifinka, ba ɓarna ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da fasfon dattijon. Hatimin huruj na ciki, an buga tun kwana biyu bayan rigimar, lokacin da zuciya ke tafasa. Na ce ai ana iya sokewa. Ya ce gonar ma ya sa ta a kasuwa, ba abin da za a yi gadi, kuma ya rantse a gaban maza. Idonsa bai iya haɗuwa da na dattijon ba. Ya matsa ya sumbaci kan Malam Habu yadda suke yi wa iyayensu, ya ce, "Samihni, ya ammi." Ka yafe mini, baffa. Ya ce ya saya masa tikiti ta Jidda don ya samu ya yi Umra kafin ya tashi.

Ranar ban iya riƙe sifana ba. Na yi ta yawo tsakanin ofishin jakadancinmu da gidajen 'yan gida a Malaz, ko akwai mai karɓar iƙamar Malam Habu. Kowa ya tausaya, amma a shekarar kowa ta kansa yake yi. Daga ƙarshe na zo masa da shawarar da kowa ya sani ba a faɗa da ƙarfi.

"Baba, in ka shiga Makka kada ka fito. Mutanenmu na nan da yawa, za su ɓoye ka har lokacin Hajji. Ba kai ne farau ba."

"An buga mini fita, ɗana."

"Takarda ce kawai!"

"Na sa hannu na ce zan fita. In tsaya gaban Ubangiji a Arfa ina waige ko ɗan sanda na zuwa?" Ya girgiza kai. "In da rabo, zan dawo ta ƙofa."

Ni dai na san shekarunsa, na kuma san abin da ke aljihunsa. Shi ma ya sani.

Ranar tafiyarsa na ɗauki izini na kai shi kasuwar Dira ya sayi tsaraba kafin lokacin bas. Ya sayi dabino, da carbi, da 'yan turaruka na jikoki. Muna wucewa ta wani shago na hango makawiya, irin wadda sababbin alhazai ke saukowa jirgi da ita a kai. Ban yi tunani ba, na ɗauko ɗaya na ce wannan tawa gudummawar ce. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya shafa zaren. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya mayar inda take, ya daidaita ta da sauran.

"Shekara nawa ina ƙasar nan," ya ce, "duk garinmu sun ɗauka an gama. Za su taro ni tun daga bakin hanya suna Alhaji, Alhaji."

"To ka bar su mana, Baba. Wa zai sani?"

Ya ɗauki ledar dabinonsa ya rataya jakarsa a kafaɗa.

"Sai dai in bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara musu," ya ce. "Malam Habu ne ya dawo."